Gaisuwa ga sabon Sarkin Lafazi

Ban ambaci sunan kowa ba, kuma ba zan ambata ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Kwana biyun nan an yi naɗin sarauta a cikinmu masu buga wasan bidiyo na Pokémon, ba a gayyaci kowa ba. Wani bawan Allah ne ya naɗa wa kansa rawanin Sarkin Lafazi, ya zauna yana gadin bakin yara kan yadda ake faɗin sunan Arceus, wata halitta ta cikin wasan. Yaro ya ce "Arsiyas", sai a tuntsire da dariya, a ce ya maimaita don na nesa su ji. In kuwa tsautsayi ya sa ya karanta sunan yadda aka koya masa baƙaƙe a firamare, ya ce "Arceyus", to ranar ya zama abin nishaɗi har a tashi. Sannan a gyara zama, a lanƙwasa harshe, a fito da murya ta hanci, a ce wai "Arkiyas" ake cewa, wanda duk ya faɗi wani abu daban ɗan ƙauye ne.

To ranka ya daɗe, tunda abin sarauta ne, ga talakawa sun kawo gaisuwa.

Wannan halitta da ake rubuta sunanta Arceus, ita ce ta 493 a jerin Pokémon. Ta fara bayyana a wasannin Diamond da Pearl, waɗanda kamfanin Game Freak ya yi wa na'urar Nintendo DS, suka fito a Japan a 2006, suka isa Amurka a 2007. Mutanen da suka zana ta suka raɗa mata suna Japanawa ne, kuma a bakinsu sunan Aruseusu ne. Da "s". A sake dubawa da kyau, ko za a tsinci "k" a ciki. Ke nan yaron da aka mayar mahaukaci don ya ce "Arsiyas" ya fi kusa da bakin masu abin fiye da wanda ya yi masa dariya. In ƙauyanci ne, to har can Tokyo ya kai, a shirya jirgi a je a gyara musu.

Za a ce ai mu da Turanci muke bugawa, ina ruwanmu da Japananci. Madalla. A wasan Pokémon Battle Revolution na na'urar Wii, wanda ya fito da Turanci a 2007, akwai mai sharhi da ke kiran sunayen halittun da babbar murya, kuma da "s" ya kira wannan. Sai a 2009, da aka juya fim ɗin Arceus zuwa Turanci, aka ji "k" ta shigo. Dalilin kuwa, ban sani ba ko fada ta taɓa jinsa. Tom Wayland, wanda ya jagoranci ɗaukar muryoyin, ya bayyana cewa in aka faɗi sunan da "s", farkonsa yana fitowa daidai da kalmar da Turawan Ingila ke kiran mazaunai da ita, kalmar da ba a so yara su riƙa maimaitawa a gaban iyayensu. Shi ke nan. Ashe lafazin da ake ɗaga mana hanci da shi, kunya ce ta haife shi. Ba wani zurfin ilmi ba ne, kawar da kai aka yi daga abin da zai sa 'yan makaranta ƙyalƙyala dariya.

Kada a ce na yi zalunci. "Arkiyas" ba kuskure ba ne, shi ne ma abin da kamfanin ya tsaya a kai a Turanci. Har shaida zan ƙara wa mai martaba, wadda na tabbata bai da ita a aljihu: a Sun da Moon na 2016 akwai Silvally, halittar da a labarin wasan aka ƙera don ta kwaikwayi Arceus, kuma sunan baiwarta RKS System. Karanta baƙaƙen nan uku da Turanci, ar, ke, es, za ka ji inda aka dosa. A Japananci kuma AR System suka sa, babu "k" ɗin. Wannan kyauta ce, a riƙe, a yi taƙama da ita gobe, ba sai an ce daga wurina aka ji ba. Amma ko bayan wannan, a fim ɗin Detective Pikachu na 2019, wanda da yardar kamfanin aka yi shi, sai ga sunan ya sake fitowa da "s". Masu kayan da kansu bakinsu bai zama ɗaya ba, amma wai a unguwarmu aka samu wanda zai yanke hukunci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan. Manyan wasannin Pokémon ba su da muryar mutane, rubutu ne kake karantawa a ƙasan allo. Har Legends: Arceus, wanda ya fito a Switch ranar 28 ga Janairun 2022, sunan na jikin kwalinsa, amma ka buga shi daga farko har ƙarshe ba za ka ji wani ya furta shi ba. To yaron da ya haɗu da sunan a rubuce a wayar yayansa, daga ina zai ji? Ya ga "c", kuma a bokon Hausa "c" ita ce ta "ciki" da "cokali" da "caca". Ya bi ƙa'idar da ya sani, kuma ya bi ta daidai. Turanci ne bai da alƙibla a wannan harafi, yau ya zama "s", gobe ya zama "k". Wanda ya san haka, in yana da kirki, sai ya ce ƙanena zo ka ji, Turawa kaza suke cewa, Japanawa kaza. Minti ɗaya ya isa. Amma ba gyaran ake so ba, 'yan kallo ake so.

Laifi tudu ne. Muna nan zaune muke jin yadda ake kiran Rayquaza a fada, "Raikwaza", da ƙarfi, har da girgiza kai. Ba mu ce komai ba, don mun gane wa ake nufi, koren macijin nan na sama, na 384, mai hoto a kwalin Emerald. To a gasar duniya ta 2025 da aka yi a Anaheim, kamfanin ya haska a allo cewa "Rekweza" ake cewa. Ban ji an kira taron gaggawa an sanar da talakawa wannan ba. Haka nan "p" ɗin da ake matse leɓe a fitar lokacin da ido ke kan mutum, da wasa ya yi zafi aka fara shan kashi sai mu ji ta koma gida, "Fikacu" da "Fokimon" suna zuba ba ƙaƙƙautawa. Ni ban ga aibu a ciki ba, haka bakinmu yake, haka nake faɗa. Mai rawani ne dai ya kamata ya ji nauyi.

Wai ma tukuna, mai martaba ya taɓa kama Arceus ɗin?

Tambaya ce kawai. Waɗanda suka fara tun zamanin DS na gwanjo sun san Arceus ba abin da ake tsinta a hanya ba ne. A cikin Diamond da Pearl an ɓoye wata sarewa, Azure Flute, wadda in ka hau ƙololuwar Dutsen Coronet ka busa, matakala za ta bayyana ta kai ka inda yake. Ba a taɓa raba sarewar a hukumance ba a wancan zamani, sai masu kutse suka riƙa ganin wurin. A Legends kuwa sai ka kama halittu fiye da 230 kafin ya yarda ku haɗu, kuma cikinsu akwai Spiritomb, wanda ba ka samunsa sai ka bi daji da dutse ka tattaro 'yan fitilun nan 107. Wanda ya yi wannan wahala ba ya da lokacin gadin bakin mutane. Zai yi maka zancen allunan da ke sauya masa nau'i, da yadda ƙarfinsa yake 120 a kowane fanni shida, jimilla 720, da wane allo za ka ba shi in abokin karawarka ya fito da dodo. (Batun da labarin wasan ke yi cewa shi ya samar da duniyarsu, wannan tatsuniyar Japanawa ce, mun bar musu kayansu, mu wasa muka zo yi.) A fada kuwa duk tsawon zaman nan ban ji an yi maganar allo ko ɗaya ba. Kullum harafi.

Masu lura sun ce wai sarautar ba ta fara ba sai bayan wata karawa da aka yi, inda wani ɗan ƙaramin yaro mai cewa "Arceyus" ya share wa wani babba halittunsa shida tas, nasa ko uku ba su faɗi ba. Ni ban ce haka ba, ji na yi ana faɗa. Na dai lura tun daga ranar ba a sake zama gaban yaron da na'ura a hannu ba, sai dai daga gefe, ana gyara masa baki.

Ranar Asabar akwai zama kamar kullum. Mai cewa Arsiyas ya zo, mai cewa Arkiyas ya zo, mai Arceyus ma kujerarsa na nan, don shi ke riƙe da kambu. Ranka ya daɗe, in za a fito, a taho da na'ura, kada a ce batir ya mutu kamar wancan makon. A haɗo da cajar yaron nan da aka ara tun kafin azumi, uwarsa ta fara tambaya.