Bagega da bashin da ke kan 'yan Arewa mazauna Legas

A duk lokacin da aka zauna hira a Agege ko Idi-Araba aka ambaci Zamfara, maganar ba ta wuce 'yan bindiga da kuɗin fansa, kuma babu mai ganin laifin masu yin ta, domin da yawa daga cikin matasan da ke dako a kasuwar Mile 12 wannan masifa ce ta raba su da gonakinsu. Sai dai akwai wata annoba, ta gubar dalma, da ta riga bindiga shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara ba tare da an ji ƙarar harbi ba, kuma yadda aka yi jama'a suka miƙe daga cikinta ya kamata ya dame mu, mu da muke zaune a birnin da ya fi ko'ina yawan gidajen jaridu a ƙasar nan.

A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta duniya, Médecins Sans Frontières (MSF), suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, bayan jijjiga da amai da fita daga hayyaci. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da gwajin jini ya nuna gubar dalma, a wasu yaran ma ta kai yawan da na'urar gwajin ta kasa aunawa. Aƙalla yara 400 ne suka rasu. Sanadin kuwa ba ɓoyayye ba ne: farashin zinare ya tashi a duniya, manoma suka koma haƙa, dutsen da suke haƙowa kuma cike yake da dalma. Ana kai shi cikin gida, mata su daka a turmi ko a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yaro yake rarrafe yana kai hannu baki.

Wanda bai san yanayin wannan cuta ba zai ce ai magani kawai za a kai. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaron zai koma ya kwanta a kan ƙasar da ta ba shi gubar, saboda haka dole ne a fara kankare saman ƙasar kowane gida, a kwashe ta zuwa ramin da aka tanada, a zubo sabuwa mai tsabta. An yi wannan aiki a ƙauyuka bakwai da taimakon ƙwararru daga Amurka, kuma ba a iya yin sa ba sai da hakimai da dagatai da malamai suka sa baki, domin babu magidancin da zai bar baƙi su shiga inda iyalinsa suke su tone masa ɗaki don kawai wani jami'i ya zo da takarda. Mutanen gari ne suka riƙe shebur da baro, su ne kuma suka amince a fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje zuwa bayan gari. Wannan ɓangaren na labarin ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, alhali idan ba don shi ba, da kuɗin da aka kashe sun bi ruwa.

Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma da yawan guba, ita aka bari a baya. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 don share garin da sauran ayyukan yaƙi da gubar, amma watanni suka shuɗe kuɗin ba su fito ba, yara kimanin 1,500 suna jiran magani da ba za a iya fara ba su ba. A nan ne wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauko gangamin ceto Bagega a ƙarƙashin shirin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗin gwamnati. Suka je garin, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka cika Twitter da Facebook da tambaya guda ɗaya wadda ba ta da wurin zillewa: ina kuɗin da aka yi alkawari? Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta mara musu baya, Sanata Bukola Saraki, wanda a lokacin yake shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa, ya ziyarci garin, kuma a watan Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin. A cikin shekarar aka share garin aka fara jinyar yaran.

A ganina, ƙarfin wannan gangami yana cikin ƙanƙantarsa. Ba su nemi a kawo ƙarshen talauci a Arewa ba; sun riƙe sunan gari ɗaya da adadin kuɗi ɗaya da ofishin da kuɗin suka maƙale, suka ƙi sakin jiki har aka biya. Mu kuwa a nan Legas, ƙungiyoyinmu na 'yan gari sun ƙware wajen tara gudummawa idan an yi gobara ko rasuwa, abin da ba na rainawa ko kaɗan, amma da wuya ka ji an tashi daga taro da shawarar a rubuta wa ɗan majalisar mazaɓa a tambaye shi inda aka kwana a kan wani aiki. Muna ganin tambaya kamar rashin kunya ce ga manya, alhali wanda ya ci amanar yaran ƙauye shi ne ya fara zubar da girmansa.

Za a iya cewa duk wannan tarihi ne, tunda MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022 bayan ta yi wa dubban yara magani. Ban yarda ba. Dalma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, kuma illar da ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta komawa. Waɗanda suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu da raunin gani ko na fahimta da za su rayu da shi. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, ta kashe yara 28, abin da ya nuna cewa darasin bai tsallaka iyakar jiha ba. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa wa Zamfara a 2019 bai hana haƙa ba, sai dai ya mayar da ita ɓoye inda babu mai duba yadda ake niƙa, kuma tun Disambar 2024 an ɗage shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar da zai yi aiki a ƙasarta, amma takarda irin wannan sai an sami wanda zai nema ya karanta wa dagaci da jama'arsa kafin ta yi amfani, kuma a cikinmu akwai lauyoyi da 'yan jarida da ɗaliban jami'a da za su iya.

Kada kuma mu ɗauka gubar tana can nesa. A Ogijo, kan hanyar Ikorodu zuwa Shagamu, akwai masana'antun da ke narka tsofaffin batura don fitar da dalma, kuma bincike ya gano gubar a ƙasar unguwannin da ke kewaye da su da kuma jinin mazauna wurin. Da yawa daga cikin masu tattara waɗannan batura a kwararo-kwararon Legas 'yan gwangwan ne daga Arewa, suna fasa su da hannu babu safa, sannan su koma ɗakin da suke kwana da kayan aikin a jikinsu. Idan shugabannin Hausawa na Agege da Alaba Rago suna neman inda za su fara, su nemi a gwada jinin waɗannan 'yan gwangwan da na 'ya'yansu, a kuma faɗa musu sakamakon da Hausa.