God of War II bai tsufa ba, masu raina shi ne ba su iya shi ba

Tun da God of War ya cika shekara 20 a watan Maris na 2025 wata magana ke yawo a gidajen gem na Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, wai wasan bai zama wasa ba sai a 2018, lokacin da jarumin wasan, Kratos, ya tara gemu ya ɗauki gatari. Na zamanin PS2 kuwa, a cewarsu, danne-dannen maɓalli ne kawai: bokis, bokis, tirayangul, har ka kai ƙarshe. Maganar ta yi tasirin da wasu masu gidajen gem suka tura PS2 ɗinsu ƙarƙashin benci. Ni a wurina wannan ɓarna ce, domin a duk jerin babu wanda ya kai God of War II na 2007.

Duk wanda ya ce danne-danne ne, a matakin sauƙi ya buga. A ɗora masa matakin God, ko Titan da ke buɗewa bayan an gama wasan, a miƙa masa hannu a gani. Kowane bos a wasan da darasin da yake koyarwa. Theseus yakan haye saman ƙofa ya riƙa turo maka ƙanƙara daga ƙasa, makaminka mai sarƙa ba ya isa gare shi, dole ka koma ga bakan Typhon. Perseus ɓacewa yake yi, sai ka lura da motsin ruwan da yake takawa kafin ka san inda za ka kai sara. Euryale za ta mayar da kai dutse idan ba ka tare kallonta da sulken hannu na Golden Fleece a daidai lokacin ba. Lahkesis da Atropos kuma sai ka rage gudun lokaci ka fasa madubi. Wanda ya dogara da bokis da tirayangul kaɗai ba zai wuce ko ɗaya daga cikinsu ba.

To a kawo na 2018. Dodo ɗaya mai ɗauke da ginshiƙin dutse ake ta maimaita maka, a canza masa launi da suna, yadda ake ƙarasa shi kuma bai canza ba. Faɗan farko da Baldur ya yi kyau, jifa da gatari a kira shi ya dawo hannu akwai daɗi, Sigrun ma ba ta wasa ba ce. Amma wannan bai isa a ce an binne na baya ba.

Babbar asarar tana wajen kyamara. A God of War II wasan ne ke riƙe da kyamara daga nesa, kana ganin filin daga gaba ɗaya, analog na dama kuma aikinsa kaucewa: ka tura shi hagu, Kratos ya mirgina hagu nan take. A 2018 an manna kyamarar a bayan kafaɗarsa, analog ɗin ya koma juya kallo, abokan gaba na bayanka ba ka ganinsu. Shi ya sa aka ƙirƙiro 'yan kibiyoyi masu yin ja don su gaya maka sara na tafe, ga ɗan Kratos, Atreus, yana ta kiran ka juya. An cire maɓallin tsalle ɗungurungum. Ke nan babu danne tirayangul ka cilla maƙiyi sama ka bi shi can ka gama da shi, babu fikafikan Icarus. Sannan aka shigo da lissafin sulke: maƙiyin da matakinsa ya fi naka zai kashe ka da bugu ɗaya ko biyu komai iyawarka, sai ka je ka ƙera riga mai lamba mafi girma. A na 2007 jajayen ƙwallaye kake tarawa ka zuba a makamin da ka ga dama, idon Gorgon shida su ƙara maka rai, gashin Phoenix shida su ƙara tsafi. Sauran aiki na yatsunka ne.

Masu cewa labarin uba da ɗa ya fi taɓa zuciya, labari suke yabo, mu kuwa wasa muke magana. Masoya God of War III na 2010 suna da Poseidon da Cronos, sai dai uku daga manyan makamansa huɗu duk sarƙa ce aka sake wa fasali. Na farkon, na 2005, bosawa uku kacal gare shi.

A duba ma yadda ake buga gem a garin nan. Yaro ya biya kuɗin rabin awa, janareta na shan mai. A God of War II cikin wannan rabin awar ya riga ya gwabza da gunkin Rhodes, tun daga mintunan farko. A na 2018 zai sare itace, ya tuƙa kwalekwale, ya bi sawun barewa. Ragnarök na 2022 ya fi muni a nan: akwai dogon sashe a Ironwood inda Atreus ke yawo bisa dabba yana hira, ga abokan tafiya da ke faɗa maka amsar wasan ƙwaƙwalwa tun kafin ka gama dubawa. Girmansa ya haura gigabait 80, kuma wanda ya kunna waɗannan sababbin a PS4 cikin zafin Afrilu ya san yadda fankar ke kuka idan ƙura ta toshe ta.

Na san inda rainin ya samo asali. Yawancin matasan yanzu a waya suka haɗu da tsofaffin wasannin na zamanin Girka, ta PPSSPP, manhajar kunna wasannin PSP, suna buga Chains of Olympus da Ghost of Sparta. Na'urar PSP ba ta da analog na biyu, kaucewa sai an haɗa L da R sannan a tura analog, abin da ke da wuya a kan gilashin waya. Sai su daina kaucewa, su koma danne-danne, su ɗora wa wasan laifi. Waɗanda suka gwada a PS2 kuma sun tarar da na'ura mai gajiyayyen ido. Faifan God of War II mai hawa biyu ne, raunannen ido yakan kasa karanta hawa na biyu, wasan ya tsaya cak a tsakiya. Idan ta filas aka ɗora, ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne mai jinkiri, bidiyon ciki ya riƙa sarƙewa. A goge idon ko a canza shi, a nemo wayar component mai kai biyar a maimakon mai kai uku, a kunna 480p a saitin wasan idan faifan na da shi, hoton zai fito tsaf ko a talabijin na bango.

Abu ɗaya ba zan kare ba: tsofaffin wasannin suna da zubar da jini da tsiraici, na manya ne, kuma mai gidan gem da ya bar ɗan firamare a gabansu ya ci amanar iyayensa.

Masu gidajen gem su fito da PS2 ɗaya su gyara ta, su ware ta ga manya. Sony kuma, da ta iya sabunta God of War III ta kawo shi PS4 a 2015, ba ta da hujjar barin wanda ya fi shi a baya.