Masu Gidajen Haya a Gombe, Ku Tare Ruwa Kafin Ku Shafa Fenti

Duk wanda ya kalli bidiyon silin nan da ya rufto wa 'yan haya a ruwan daren shekaranjiya, kuma har yanzu yake cewa tsautsayi ne, don Allah ya sake kallo. Ya tsayar da shi daidai inda aka haska sama. Katakon rufin ya yi baƙi, gara ta rarake shi, kwanon tsoho ne mai ramukan ƙusa har haske na ratsowa, sannan a ƙarƙashinsa aka rataya sabon silin POP da fitilu masu launi, aka ƙara kuɗin haya. Baiwar Allah tana jan jiƙaƙƙiyar katifa, yara na kuka a tsakar gida. Allah ne ya tsare ba a rasa rai ba. Wannan ganganci ne, kuma gidajen da aka yi wa irin wannan kwalliya a garin nan ba su ƙirguwa.

Alhaji, idan ka sayi tsohon gida don ka gyara ka zuba 'yan haya, abokin gabarka ruwa ne: na sama, na ƙasa, na cikin bango, na banɗaki. Duk nairar da ka kashe a fenti da tayil kafin ka tare waɗannan, ka zubar da ita.

Tun wajen saye ake fara faɗuwa. Dillali zai kai ka ganin gida a watan Fabrairu, komai a bushe, bango tas. Je ka gan shi a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Idan cinikin ba zai jira damina ba, tambayi maƙwabta ina ruwan layin yake bi, ka duba ƙasan katangar waje ko akwai zanen laka da ambaliya ta bari. Gombe a kwari take, ƙasarta mai yashi ce, kowa ya san yadda zaizaya ke cin unguwanni. Gidan da kwari ke matsowa bayansa, ko nawa aka rage maka, araha ba ta ado. Takardu kuma, ka bincika a GOGIS, hukumar takardun filaye ta jiha, kafin ka biya, in gidan gado ne kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu.

To ka saya. Kafinta ne mutum na farko da zai shiga, kuma da rani. A cire silin gaba ɗaya a ga katako ido da ido. A soka masa sukundireba: in ta shige cikin sauƙi, ya mutu, a fitar da shi. Sabon katako a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, har bakin da aka yanka. A duba ko an ɗaure rufin da linta, da rodi ko ƙarfen ɗauri, domin iskar farkon damina rufin da aka aza ba a ɗaure ba take yayewa. Kwanon alminiyam kada ya gaza kaurin milimita 0.45, in da hali 0.55, kuma a auna a gabanka, saboda akan sayar wa mutum da sirara da sunan mai kauri. Faci da kwalta a kan tsohon kwano damina ɗaya yake yi.

Sai rufin nan na yayi da ake ɓoye kwano a bayan katanga. Yana da kyau a ido, amma duk ruwan gidan yana taruwa ne a kwatar siminti da ke sama. Leda ɗaya da ganyen darbejiya suka toshe bututun, ruwa ya cika ya koma cikin silin. In gidan irin wannan ne, a ba kwatar gangara, a shafe ta da maganin hana yoyo, bututun saukar ruwa ya zama inci 4 kuma fiye da ɗaya, a bar wata ƙofa a gefe da ruwa zai tsiyaya waje in an samu toshewa. Sannan a hau a share kafin kowace damina. Ɗan haya ba zai hau maka ba, aikinka ne.

Ruwan ƙasa shi ne wanda aka fi yi wa rufa-rufa. Ka ga ƙasan bango yana kumbura, fenti na ɓarewa, wani farin gishiri na fitowa, sai mai gyara ya ce a manna tayil har gwiwa. Danshin nan bai tafi ko'ina ba, hanyar fita aka toshe masa, shekara mai zuwa za ka gan shi a saman tayil ɗin. Fara da waje. Sau da yawa an yi ta ciko a layi har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu. A kwashe ta har daɓen ciki ya fi ta da aƙalla inci 6, a zuba kankare mai faɗin ƙafa biyu zuwa uku kewaye da ginin, gangararsa na kallon waje. A ciki a farfashe filastar har kamar mita ɗaya, a bar bulon ya sha iska ya bushe, sannan a sake yaɓawa da siminti mai maganin ruwa. Kwaɓin kada ya wuce ɗaya bisa huɗu a irin wannan wuri, wato buhu ɗaya, kwanon yashi takwas, tunda buhun siminti kwano biyu ne. A sauran bango ɗaya bisa shida ya isa, kwano goma sha biyu. Birkilan da ya zuba ashirin don ya rage siminti, da yatsa za ka kankare aikinsa. A yi ta ba filastar ruwa kwana bakwai, a jira sati uku zuwa huɗu kafin fenti ya hau. Simintin Ashaka a jiharmu ake yin sa, amma ba ya hana aiki lalacewa in an ƙi ba shi ruwa.

Tsagar bango ma a bambance. Siririya kamar gashi ta filasta ce. Wadda ta bi layin bulo a karkace kamar matakala, ko ta taso daga kusurwar taga tana buɗewa, harsashi ne ke motsi. Manna mata ɗan siminti ka rubuta kwanan wata, in ya sake darewa kira injiniya.

Banɗaki kuwa, tsofaffin bututun ƙarfe da suka yi tsatsa a fitar da su duka. Sababbin a cika su da ruwa, a toshe, a bar su kwana ɗaya a ga ko akwai yoyo kafin a rufe da siminti. Daɓen ma a toshe magudanarsa a tara ruwa kwana ɗaya, a duba bayan bangon. Bututun masai inci 4, da gangara da bututun fitar da wari. A buɗe sokawe a gani: gidan da aka gina wa iyali ɗaya ka yanka shi ɗaki-ɗaki ka zuba iyali shida, ramin ba zai ɗauka ba. In akwai rijiya, kada tazararta da sokawe ta gaza mita 30. Wayar wuta a taƙaice, ga lambar kaurinta: 1.5 ta fitila, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki, da sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa don kariya daga jan wuta, kuma kowane sashe da mitarsa ta kati. Rabin faɗan 'yan haya a kan kuɗin wuta ne.

Na san abin da za a cika mini ƙasan rubutun nan da shi. "Ɗan haya ido yake saye." Da ido yake shiga, da yoyo yake fita, ya kuma gaya wa duk wanda ya tambaye shi. "Kaya sun yi tsada." Ai tsadar ce ta sa bai kamata ka yi aiki sau biyu ba. In kuɗin bai kai ba, yi rufi da famfo bana, sa silin mai sauƙi, POP ya jira baɗi. "'Yan haya ne ke lalata gida." Wasu na yi, amma ba ɗan haya ne ya sa gara a katakon da bai taɓa gani ba.

Ɗauki biro ka yi lissafi da kanka. A ce kwalliya ta ci maka naira miliyan biyu, ta ƙara maka dubu ɗari biyu a hayar shekara. Shekara goma ke nan kafin ta dawo, in silin ya kai. Ya faɗo a damina ta biyu, ka biya sabo, ka biya rufin da ka gudu, gida ya zauna wata huɗu babu kowa. Shi ya sa ake ware kamar kashi goma cikin ɗari na haya don gyara, ba a taɓawa. Kuma ka san wa kake gyara wa. Ɗaliban jami'ar jiha a Tudun Wada ruwa da ƙofa mai ƙwari suke nema. Ma'aikacin Asibitin Koyarwa na Tarayya zai tambaye ka tanki, mita da wurin ajiye mota. A Gombe, gidan da ke da tankin da ke riƙe ruwan kwana uku ba ya rasa mai so. A rubuta yarjejeniya, a ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da mukulli, a fayyace gyaran da ke kan mai gida da wanda ke kan ɗan haya.

Wallahi ina jin ciwon abin nan ne saboda masu sayen gidajen da yawa 'yan fansho ne da suka zuba garatutinsu, da zawarawa da suka sayar da gwal, masu shiga kuma da jarirai suke shiga. Amanar rai ce a ƙarƙashin rufinka.

Wani abin da ke damuna kuma: shiga duk inda ake babban aiki a garin nan ka tambayi mai ɗaura tayil ko mai POP daga ina yake, sau da yawa za ka ji Kwatano ko Togo. Matasanmu na zaune a majalisa suna jiran ɗaukar aikin gwamnati, ga sana'a ana kwashe kuɗinta a gabansu. Iyaye, wanda ya gama sakandare bana yana zaune a gida, ku haɗa shi da ƙwararren mai aikin famfo ko mai tayil ya yi shekara biyu yana ɗaukar masa kaya. Masu aikin famfo na ƙwarai ma sai ka jira su sati guda kafin su zo.