Wai me Abdullahi ya yi muku ne?

Ranar Asabar ɗin nan na je raɗin suna a unguwarmu. Liman ya yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka sanar cewa yaro ya ci sunan kakansa, Abdullahi. Wallahi ba a gama feɗe rago ba sai ga hoton jinjirin a WhatsApp, ƙanin uban ya ɗora, ya rubuta "Abdool" da wasu taurari a gefe. Da na yi masa magana sai ya ce wai Abdullahi sunan tsofaffi ne, ba shi da aji.

Haba samari! Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Abdullahi bawan Allah ke nan. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Sunan mahaifin Manzon Allah (SAW) ne, kuma a Suratul Jinni da shi Allah ya ambaci Manzon kansa. Annabi Isa yana cikin zanen goyo, abin da ya fara faɗa shi ne shi bawan Allah ne. Sayyidina Abubakar ma ai sunansa na yanka Abdullahi. To ku da kuke datse shi ku bar "Abdul", bawan wa? Kun ambaci bawa, kun yar da sunan Ubangijinsa, don kawai ya yi daɗin rubutu a Facebook.

Wani zai ce ai kakanninmu ma sun ce Audu, sun ce Abdu. Gaskiya ne, amma su harshe ne ya lanƙwasa musu, ba ƙyama ba. Sau da yawa ma kunya ce. Uwa ba ta iya kama sunan surukinta, sai ta ce Abba, ko Baffa, ko Maikano. Wannan girmamawa ce ake ɓoye sunan. Ku kuwa ɓoye shi kuke yi kamar wanda ya ci bashi.

Kuma wane ajin ake magana? Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, mai tafsirin Liya'ut Tawili, bai taɓa jin sunan ya yi masa nauyi ba. Sarki Abdullahi Bayero ya riƙe Kano daga 1926 zuwa 1953. Audu Bako ya yi gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ga dam ɗin Tiga da ya gina nan har yau ana noman rani da ruwansa. Kai da ko kuɗin data sai ka roƙi yayarka, kai ne sunan ya yi wa ƙauyanci?

Abin ma bai tsaya nan ba. Yanzu amarya tun cikinta na wata uku take tsintar suna a finafinan Turkiyya da na Indiya, ba ta san ma'anarsa ba, ba ta tambayi kowa ba, ita dai ya zama babu mai irinsa a layin. Ango kuma yana can yana lissafin kuɗin mai hoto da na ankon suna, rago ma bashi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ku ji tsoron Allah, ku tambayi malamai, ku kira 'ya'yanku da cikakken suna. Hausawa sun ce suna linzami ne. A da idan aka raɗa wa yaro Abdullahi, kakarsa har kirari take yi masa, dattawa su yi ta sa albarka Allah ya sa ya bi sawun masu sunan. Yau sai ka iske mutum ɗaya, katin ɗan ƙasa Abdullahi, takardar jarrabawa Abdul, asusun banki wani abu dabam, ya samu aiki ya kasa karɓa, yana ta zarya kotu neman takardar rantsuwa cewa duk shi ne.