Sharhi kan kundin The Border na Willie Nelson

Marubucin wani labari ya yi kuskure da ya ce Willie Nelson, mawaƙin country na Amurka, ne ya rubuta waƙar The Border. Rodney Crowell da Allen Shamblin ne suka rubuta ta, kuma Crowell ya riga ya rera ta a kundinsa Texas na 2019. Kundin Willie ya fito ranar 31 ga Mayu, 2024, waƙoƙi goma, huɗu daga ciki shi da furodusansa Buddy Cannon suka tsara. Ku saurari yadda aka sassauta ganguna don muryar dattijo mai shekara 91 a lokacin ta fito sarai, ga tsohuwar jitarsa Trigger tana amsa masa. Da an ƙara kiɗa, da numfashinsa ya ɓace a ciki.