Kyamarar Malam da Akuyar Maƙwabta

(Zauren Malam a unguwar Mabera, Sakkwato, watan Afrilu. Malam ya sha babbar riga da rawani. Fanka na juyawa, janareto na ruri a ƙofar gida.)

MALAM: Kai, karanto mini abin da ɗalibai sunka ce kan darasin nahawun da munka ɗora.

ALMAJIRI: Allah gafarta Malam, na farko ya ce aikin wuyan rigar ya yi kyau, yana neman lambar telan.

MALAM: Madalla. Karatun hwa?

ALMAJIRI: Na biyu ya ce da kunka zo kan fa'ili, akuya ce ta amsa. Na uku yana tambaya ko a injin niƙa munka ɗauka.

(Bakano ya yi sallama, da jaka a kafaɗa.)

MALAM: Yauwa, ga wanda ya sa na sai da raguna biyu! Ba kai ka ce kyamarar ga 4K ce ba?

BAKANO: Ranka ya daɗe, ita ce. Har furfurar gemunka ana ƙirgawa.

MALAM: Furfura nika koyarwa?

ALMAJIRI: Kuma Malam, WhatsApp matse hoton yake yi. Rabin ɗaliban ma a aljihu suke sa wayar, suna saurare bisa kabu-kabu. Mai data kaɗan kuwa bai ko buɗe ba.

MALAM: To mi za a yi?

ALMAJIRI: Ɗan makirufo na maƙalawa a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya daga baki. Na jikin kyamara ya yi nisa, duk abin da ke zauren yake kwasa.

BAKANO: (Ya buɗe jaka.) Ai ina da shi. Bai kai kuɗin ƙafar kyamarar ba.

MALAM: Da ka sani, don mi ba ka hwaɗi ba tun farko?

BAKANO: Ba ka tambaya ba, ranka ya daɗe.

ALMAJIRI: Saura amsa-kuwwa. Bangon siminti maido da murya yake. Sai mu shimfiɗa darduma, mu rataya barguna, mu kashe fanka.

MALAM: Bargo? A Sakkwato? Zafi ya haura 40, ka ce in kashe hwanka? Kai, gado kake jira?

ALMAJIRI: To mu ɗauka bayan Asuba, kafin gari ya tashi.

(Bayan kwana uku. Malam na zaune tsakanin barguna, gumi sharkaf, rawani a ƙasa.)

MALAM: Karanto. Yau sun ji?

ALMAJIRI: Tar, Malam. Sun ce fa'ili da maf'uli sun zauna.

MALAM: Alhamdulillahi!

ALMAJIRI: Sai dai da kunka shiga cikin gida ba ku cire makirufon ba. Sun ji Inna na cewa kuɗin cefane bai kai ba.

MALAM: Innalillahi!

ALMAJIRI: Mutum huɗu sun ce a turo lambar asusu. Ɗaya kuma yana tambaya yaushe za a saki kashi na biyu.