Kosiyon ɗin ɗan haya a hannun wa ya kamata ya kwana?

A ƙarshen daminar bara aka yi wa ƙanwata canjin wurin aiki daga Garwa zuwa Marwa, a arewacin Kamaru. Malamar firamare ce, ta yi shekara 4 tana haya a wani ciki da falo a unguwar Marware ta Garwa, sefa 30,000 a wata. Ranar da ta shiga gidan ta zube kuɗin wata 3 na avans, ta ƙara 60,000 na kosiyon, wato ajiyar da ake mayarwa ranar fita, ga kuma la'adar dillali. Da ta tashi tafiya ta share gida tas, ta kai wa mai gidan makulli, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba Alhaji, batun ajiyar nan fa?"

Ya ce, "Malama, ai kin ga yadda gari yake. Ki je ki kama aiki, da zarar sabon ɗan haya ya shigo zan aiko miki."

Sabon ɗan haya ya shigo cikin mako 2. Da ta kira, sai maganar ta sauya: bango yana son fenti, ƙofar banɗaki ta ci, kuma wai akwai ragowar kuɗin wuta. Bayan wata 5 da kira ba adadi, aka turo mata 15,000 ta waya, har da cewa albarkacin mutuncin mahaifinmu ne. Ta kira ni tana dariyar takaici ta ce, "Yaya, ni da kuɗina ake yi mini alfarma."

A wannan lokacin ni ma ina tashi daga wani gida a Manchesta, inda nake zaune shekara 9 ke nan. Kuɗin hayata fam 750 ne a wata, ajiyata fam 865. Shi ma mai gidan nawa ya so ya taɓa: ya ce darduma ta tsufa, bango ya yi dauɗa, zai cire fam 300. Na ce ban yarda ba. Ban je kotu ba, ban nemi wani babba ya roƙe shi ba, ban ma ɗaga murya ba. Na shiga intanet na cike takarda a wurin da kuɗin ke ajiye, na tura hotunan da na ɗauka ranar shiga da na ranar fita. Shi ma aka ce ya kawo hujjarsa. Wani mai sasanci da bai san ni ba, bai san shi ba, ya duba ya ce tsufan darduma ba ɓarna ba ce, cin zamani ne, amma ƙonar dutsen guga da ke gefenta tawa ce. Aka ba shi fam 60, aka mayar mini da sauran. Ƙonar kuwa gaskiya ni na yi ta.

Ga yadda abin yake a Ingila, don kada a ce tatsuniya nake yi. Tun 6 ga Afrilu 2007, mai gidan da ya karɓi kuɗin ajiya a irin hayar da yawancin mutane ke yi, dole ne ya sa shi ƙarƙashin ɗaya daga cikin hukumomi 3 da gwamnati ta amince da su: Deposit Protection Service, MyDeposits da Tenancy Deposit Scheme. Yana da kwana 30 ya yi haka, ya kuma ba ɗan haya rubutaccen bayani na inda kuɗin yake da yadda zai karɓe shi. Ko dai ya miƙa musu kuɗin su riƙe, ko ya riƙe da kansa ya biya su inshora, da sharaɗin in rigima ta tashi zai kai musu abin da ake jayayya a kansa. In ya ƙi yin ko ɗaya, kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya ninki 1 zuwa 3 na ajiyar, ban da ainihin kuɗin. Daga 2019 kuma aka ƙayyade ajiyar kanta, ba ta wuce kuɗin mako 5 a yawancin gidaje. In an daidaita kan abin da za a mayar, kwana 10 ne. Sasancin nan da na yi kyauta ne. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne wanda aka ɗora wa kawo hujja: kuɗin na ɗan haya ne har sai mai gida ya nuna dalilin taɓa shi.

Kada kowa ya ce mini ai Turawa ne, sun fi mu riƙon amana. Na zauna da su, na gani. Mai gidana na Manchesta da Baba Alhaji na Marware halinsu ɗaya, kowanne ya ga kuɗi a kusa ya miƙa hannu. Da masu gidajen Ingila mala'iku ne da ba a yi dokar ba tun farko. Cin ajiyar mutane ne ya yi yawa har majalisa ta shiga maganar. Bambancin kawai, ɗaya an ɗauke tukunyar daga gabansa, ɗaya kuma an bar shi da ita a ɗaki, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne ma'aji.

A wajenmu matsalar tana farawa ne tun daga suna. Tambayi 'yan haya 10 a Garwa ko Ngaundare abin da suka biya ranar shiga, za su ce "wata 6" ko "wata 5". Nawa ne avans a ciki, nawa ne kosiyon? Sai a fara kame-kame. Avans kuɗin zama ne, kana cinye shi wata bayan wata. Kosiyon ajiya ce, ba a saya maka komai da shi ba, ranar fita ya kamata ya dawo. Amma da yake a dunƙule ake miƙa su, a gaban dillalin da hankalinsa ke kan la'adarsa, sau da yawa ba ko guntun rasit, sai su zama abu ɗaya a aljihun mai gida. Washegari sun koma siminti, ko kuɗin makarantar yara, ko ragon suna. Ba ma lallai da mugun nufi ba. Shekara 4 bayan haka ka zo kana neman 60,000 wurin mutumin da ya manta ya taɓa riƙe su, dole fenti ya zama hujja. Ɗaliban da ke kama ɗaki a Dang, kusa da Jami'ar Ngaundare, sun fi kowa shan wannan, don ƙarshen shekara kowa na sauri ya kama jirgin ƙasa ko motar garinsu, wa zai tsaya jiran mai gida?

'Yan haya ma sun koyi darasi, sai dai mummuna. Wanda ya san zai tashi, sai ya daina biya wata 2 kafin lokaci, ya ce a cire a kosiyon. Ya cinye ajiyarsa da kansa kafin a cinye masa. In ya fasa tagogi ko ya bar bashin ruwa da wuta, mai gida ba shi da abin kamawa. Shi kuma mai gidan sai ya huce a kan na gaba, ya ce wata 3 zai riƙe maimakon 2. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, na yarda. Amma mai biyan kuɗin wannan rashin yarda ita ce irin ƙanwata, wadda ta biya har watan ƙarshe saboda kunya.

Dokarmu kuwa ta nuna inda ta karkata. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016, sashe na 322-1, ya mai da bashin haya laifi: ɗan hayan da ke da yarjejeniya mai rajista, ake bin sa wata 2, aka ba shi sammaci ya biya ko ya fita, wata 1 ya wuce bai yi ko ɗaya ba, yana iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. Gidaje nawa ne a unguwanninmu ke da yarjejeniya mai rajista, wannan wata magana ce, amma masu gida sun haddace sashen kamar Fatiha, suna tsorata mutane da shi. To ɗan haya da aka riƙe wa 45,000 fa? Ya ɗauki lauya ne, ko ya biya mai kai sammaci, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Marwa da Garwa, tafiyar kilomita 200 da wani abu? Kuɗin mota kaɗai zai cinye abin da yake nema. Shi ya sa kowa ke cewa "na bar shi da Allah".

Ba na cewa komai na Ingila ya fi namu. A Garwa mai gida zai yi maka haƙurin wata 3 in albashi ya makara, ya zo maka gaisuwar mutuwa, matarsa ta aiko wa iyalinka kunun azumi. A nan ka makara kwana 3, wasiƙa ta iso, ba sannu ba ya jiki. Kuma kariyar ajiyar nan ba ta hau kan wanda ke haya ɗaki a gidan da mai gidan ke zaune ciki ba, alhali yawancin 'yan uwanmu sababbin zuwa da irin wannan ɗakin suke farawa, suna miƙa kuɗi a hannu kamar a gida, ana cinye musu kamar a gida. Ba sai mun kwafi Ingila ba ma. A Faransa mai gida ne ke riƙe ajiyar, amma wata 1 ce a gidan da ba kaya, ana rubuta halin da gida yake ranar shiga da ranar fita, in ya makara wajen mayarwa ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya kowane wata. Kodebuwa, mai sefa ita ma, ta ƙayyade tun 2018: avans wata 2, kosiyon wata 2.

Kafin Yawunde ta waiwayo mu, abin da ake bukata muna da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu ne ke jin nauyin ce wa dattijo ya sa hannu a takarda. Kowa na da waya mai ɗaukar hoto. Muna da masu unguwa da limamai da ake ba ajiyar gadon marayu, muna da uwayen adashi da ke riƙe miliyoyi ba a ji kansu ba, muna da Orange Money da MoMo da ke barin shaidar kowace sefa. Takarda 1 mai layi 5 ta isa: ga avans, ga kosiyon, ga halin da gida yake, ga wanda zai riƙe, ga kwanakin mayarwa.

Laifi tudu ne. Ina cikin zagin Baba Alhaji a waya sai ƙanwata ta ce, "Yaya, ɗakunanka na Rumde Ajiya fa, kosiyon ɗin mutanen yana ina?" Ɗakuna 4 na gina da kuɗin aikin dare, yayanmu ke kula da su. Na kira shi. Ya yi shiru, sannan ya ce ai da shi aka yi dabe da ƙofar gida tun shekarar farko, kuma da sanina. Da sanina ɗin ne kuwa, ni na ce a yi. Sefa 160,000 na mutane, ina Manchesta ina cike takarda a kan fam 300.

Na tura kuɗin a wata 2, aka buɗe musu layi daban, aka rubuta wa kowane ɗan haya takardarsa, limamin unguwa ya sa hannu a matsayin shaida bayan ya tambaya sau biyu ko rigima ake yi. Makon jiya iska ta ɗaga kwano 3 a ɗakin ƙarshe. Yayan namu ya aiko da saƙon murya cewa tunda ga kuɗi zaune ba aikin fari ba na baƙi, a ɗan ara a gyara, in haya ta shigo a mayar. Na ce a'a, a jira albashina ranar 28. Ya saurari saƙon, alamar ta yi shuɗi, har yau bai amsa ba.